Chelsea ɗin Boehly da Clearlake: gini ake yi ko kasuwar 'yan wasa aka buɗe? (muhawarar Yulin 2025)

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan gida. Da gangan na bari ƙura ta lafa kafin in kawo maganar nan, don na san a daren da muka ɗau kofin duniya na kulob-kulob ko me na faɗa ba mai saurarona. Na yi murna, wlh na yi, PSG ɗin da ta zuba wa Inter 5 ta zuba wa Madrid 4 mu muka ba ta 3 da nema tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, wa zai ƙi murna. To amma ko mako ba a yi ba sai ga Madueke a Arsenal yana ɗaga riga. Yaron da aka kawo daga PSV a Janairun 2023 aka ce mana shi ne gobenmu, aka ba shi doguwar kwantiragi, yanzu da ya fara zama mutum sai a miƙa wa maƙwabta a cikin Landan. Tambayata ɗaya ce: mutanen nan, Boehly da kamfanin zuba jari na Clearlake, tun da suka karɓi kulob a Mayun 2022, ƙungiya suke ginawa ko kuwa turka suke yi, a sayo ɗan maraƙi a ɗaure a ciyar, in ya yi ƙiba a kai shi kara? Ni abin da idona ke gani kenan. Kowa ya faɗi nasa amma don Allah ban da zagi.

Ɗan Blues na Fagge:
Wa alaikumus salam Baba. Da girmanka amma gaskiya ban yarda ba. Kofi biyu a wata biyu fa, Conference a Mayu mun ci Betis 4-1, sannan na duniya a Yuli, ga na 4 a Firimiya mun koma Champions. Wanne ɗan kasuwa ne yake tara kofuna haka. Madueke kuma ai kowa ya san ba shi da tabbas, yau ya yi maka wasan da za ka ce ba irinsa gobe ka neme shi a fili ka rasa, an saye shi wajen fam miliyan 30 an sayar wajen 50, ga Estevao yana zuwa ga Neto ga Gittens, ina asarar take

Baban Ummi:
Ƙanena kai da bakinka ka faɗa, an saya 30 an sayar 50. Lissafin da suke yi kenan, har kai ma sun koya maka.

Maman Sultan:
Ni dai abin da ya fi min ciwo ba Madueke ba ne, Gallagher ne. Yaron nan tun yana ɗan shekara takwas yake akadaminmu na Cobham, kakar Pochettino shi ya ɗaura kambun kyaftin kusan kullum saboda Reece James da Chilwell suna jinya, gudu yake kamar ransa zai fita, an tashi wasa rigarsa sharkaf. Aka tura shi Atletico, don cinikin ya faɗa aka karɓo Joao Felix wanda ba wanda ya nema, wata shida aka tura shi aro Milan. Chalobah ma haka aka ware shi, aka hana shi tafiya Amurka wasannin share fage, aka tura shi Palace, da 'yan baya suka ji rauni a Janairu aka kira shi ya dawo bai ce uffan ba, kuma shi ne ya tsaya a baya ranar PSG. Irin wannan ba a yi wa ɗan gida.

Malam Akanta:
Hajiya bari in shigo nan, don abin da ya sa ake sayar da 'yan gida ba ƙiyayya ba ce, doka ce ta sa abin ya zama riba, kuma sai an gane wannan za a gane duk abin da suke yi. A dokar Firimiya ta 2025 kulob ba shi da izinin yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku, in ka wuce a cire maka maki, kun ga yadda aka yi wa Everton da Forest. To yadda ake rubuta kuɗin ɗan wasa a littafi shi ne, in ka sayo shi ba a rubuta kuɗin gaba ɗaya, rabawa ake yi a kan shekarun kwantiraginsa. Ɗauki Enzo, an biya Benfica kusan miliyan 107, aka ba shi shekara takwas da rabi, kenan a littafi abin da yake ci a shekara wajen 12 da rabi ne. Shi ya sa kuka ga ana ta ba wa yara shekara bakwai takwas, Mudryk, Caicedo, duk haka ne. Amma in ka sayar, kuɗin yana shiga littafi nan take a dunƙule, kuma ɗan akadami ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka samu a kansa riba ce zalla. Mount ya tafi United a 55, riba zalla. Gallagher, Lewis Hall, Maatsen, Loftus-Cheek, duk haka. Wato Gallagher ɗaya ya biya kuɗin Enzo na kusan shekara uku a takarda.

Dabarar doguwar kwantiragin ma an toshe ta, UEFA ta mayar da iyaka shekara biyar a 2023, Firimiya ta bi sahu a Disambar shekarar. Sai suka koma wata hanyar, suka sayar wa kamfaninsu na kansu otal biyu da ke jikin Stamford Bridge a kan miliyan 76 da rabi, sannan ƙungiyar mata ma suka sayar wa kansu a kusan miliyan 200. Firimiya ta karɓa, UEFA ba ta lissafa irin wannan, shi ya sa a farkon Yulin 2025 ta ci mu tarar yuro miliyan 31, ga wata a rataye in aka sake karya ƙa'ida. Abin da yake damuna a nan, otal sau ɗaya ake sayarwa, ƙungiyar mata sau ɗaya, in sun ƙare me ya rage in ba 'yan wasa ba.

Ɗan Blues na Fagge:
Malam ai ka manta kuɗin kofin duniya, sama da dala miliyan 100 muka kwaso a wata ɗaya, ga kuɗin Champions zai shigo bana

Malam Akanta:
Ban manta ba, kuma sun taimaka sosai. Amma gasar nan duk shekara huɗu ake yi, albashi kuwa kowane mako ne. Ka duba mun yi kusan kaka guda gaban riga fayau ba talla, sai a ƙarshe-ƙarshe aka liƙa tallar kamfanin DAMAC, alhali su United da City da Arsenal kowa yana karɓar miliyoyi a nan. Sannan filinmu mutum dubu 40 da ɗoriya yake ɗauka, na Arsenal da Tottenham dubu 60 ne, kowane wasan gida sun fi mu samu.

Sojan Mourinho:
Ku daina wahalar da kanku da lissafi, maganar ɗaya ce, Roman Abramovich, tsohon mai kulob, ya tafi da Chelsea. Daga 2003 zuwa 2022 Firimiya biyar, Champions biyu, Europa biyu, FA biyar. Mutumin nan bashin da yake bin kulob ya kai fam biliyan ɗaya da rabi ya ce ya yafe. Yana zaune a sama yana tafi kamar mu, in an ci mu ka ga ransa ya ɓaci. Waɗannan kuwa suna zuwa cikin wata ɗaya Marina mai kula da cinikin 'yan wasa ta tafi, Cech ya tafi, Bruce Buck shugaban kulob ya sauka, Boehly ya naɗa kansa daraktan wasanni mutumin da harkarsa ita ce Dodgers a Amurka, ya je ya kwaso Sterling da Koulibaly da Aubameyang, ya sayo wa Tuchel Aubameyang ko mako ba a yi ba ya kori Tuchel ɗin don an ci mu 1-0 a Zagreb. Kocin da ya ɗauko mana Champions a Porto, kocin da ya tsaya shi kaɗai gaban 'yan jarida lokacin da aka sa wa Roman takunkumi ana tambayarsa yaƙin Yukiren alhali ko tikiti ba a yarda mu sayar ba. Daga nan aka biya Brighton sama da miliyan 20 don Potter, wata bakwai aka sallame shi, Lampard ya zo wasa 11 ya ci ɗaya, muka ƙare na 12 da maki 44, ƙwallo 38 duk kaka, Haaland shi kaɗai 36 ya ci a shekarar. Ni ba zan manta wannan ba ko kofi goma aka kawo.

Yaya Babba Zinder:
Soja ka faɗi gaskiya kan shekarar farko, ɓarna ce tsagwaronta ba mai kare ta. Amma kar mu mayar da Roman waliyyi. Ancelotti ya ɗau Firimiya da FA a 2010, shekara na zagayowa aka kore shi. Di Matteo ya kawo Champions na farko a tarihinmu, wata shida aka kore shi. Mourinho naka sau biyu aka raba gari da shi. Kuma maganar sayar da yara, De Bruyne wa ya sayar? Salah fa? Guehi da Tomori da Abraham duk a 2021 suka tafi, aka kwashi kuɗin aka sayo Lukaku kusan miliyan 98 wanda bai yi wata shida ba ya fita ya yi hira yana kewar Inter. Bambancin kawai shi ne Roman in ya yi kuskure yana sa hannu a aljihu ya rufe, yanzu kuma doka ta hana, ko shi ne yake nan ba zai iya yin abin da ya yi a 2004 ba. Kuma ba waɗannan ne suka kore shi ba, gwamnatin Birtaniya ce ta sa masa takunkumi a Maris ɗin 2022, da ba a samu mai saye ba kafin ƙarshen Mayu Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Sojan Mourinho:
Yaya ko da yake kora yake yi ai yana kawo wanda ya fi ko ya kai. Conte, Ancelotti, Tuchel. Su kuma koci suke nema wanda ba zai ɗaga musu murya ba

Yaya Babba Zinder:
Wannan kam na ba ka. Pochettino ya gama kaka da cin wasa biyar a jere ya kai mu na 6, yara sun fara gane shi, amma saboda yana son a ji ta bakinsa wajen saye da sayarwa aka rabu. Tsarinsu shi ne daraktocin wasanni Winstanley da Stewart su sayo, koci ya horar da abin da aka ba shi. Maresca daga Leicester aka ɗauko shi bai taɓa jan ƙungiya a Firimiya ba, kuma ya yi ƙoƙari fiye da zaton kowa. Tsorona ranar da zai ce ina son ɗan baya mai gogewa su ce a'a ga wani ɗan shekara 19 daga Brazil, a ranar za mu san waye mai gida.

Ɗan Blues na Fagge:
Maganar Maresca ku tsaya ku ga abin da ya yi ranar PSG fa. Mu a gidan kallon da nake zuwa benci ya cika har ana tsaye a bakin ƙofa, 'yan Madrid da Barca duk sun zo su ga an yi mana abin da aka yi wa Inter. Minti goman farko yaranmu suka hau su da matsi ba su bar Vitinha ya juya ba, Reece James a tsakiya gefen Caicedo, Sanchez yana ta jefa dogayen ƙwallaye bayan Nuno Mendes, Gusto yana hawa ta nan. Ƙwallon farko Gusto ne ya ajiye wa Palmer a bakin raga ya lallaɓa ta da hagu can ƙasan kwana, ta biyu kusan wuri ɗaya, ya yi kamar zai ba da fas difenda ya tafi ya sake ajiye ta a kwanar nan dai, ta uku shi ya zura wa Joao Pedro ya ɗaga ta saman Donnarumma. Wlh wani dattijo da ke gabana hularsa ya cire ya riƙe a hannu har aka tafi hutu bai mayar ba. Wannan ba sa'a ba ce, shiri ne, an zauna an karanci PSG. Kuma ku tuna waɗannan yaran su ne mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa yin kaka da su a tarihin Firimiya. In wannan ba gini ba ne to menene

Baban Ummi:
Ban musa maka ba, wasan ya yi kyau, na daɗe ban ga Chelsea irin haka ba. Amma kofi na kwana ɗaya daban, Firimiya ta wasa 38 daban. A Disambar 2024 muna na 2 ana cewa za mu bi Liverpool, daga Kirsimeti zuwa Fabrairu muka zube, Fulham ta ci mu a gida, Ipswich ta ci mu, Brighton ta fitar da mu a FA ta sake ba mu 3-0 cikin mako guda, Palmer ya yi wata uku bai ci ƙwallo ba kuma ba wani babba a fili da zai tara yara ya ce ku natsu. Da a zamanin Terry da Lampard da Drogba ne ba za a yi wannan dogon faɗuwar ba. Thiago Silva ne na ƙarshe mai irin wannan muryar, aka bar shi ya tafi Fluminense ba a maye gurbinsa ba. Sai ranar ƙarshe Colwill ya cece mu a gidan Forest. Liverpool ta ba mu tazarar maki 15.

Gunner ɗin Zariya:
Ku yi haƙuri da baƙo, ni ba ɗan gidanku ba ne amma ina bin muhawarar. Mu Arteta ya zo Disambar 2019, muka yi na 8, muka sake na 8, sannan na 5, duk mutane suna cewa a kore shi, masu kulob suka ƙi. Daga 2023 zuwa 2025 shekara uku a jere muka yi na 2, Firimiyar dai ba ta zo ba kuma abin yana min ciwo, amma in ka tashe ni cikin dare zan lissafo maka mutum tara cikin sha ɗayanmu. Ku fa? Abin da nake ganin ya rage muku kenan, a bar mutum goma sha biyar su yi shekara uku tare. Kuna da Caicedo da nake ganin ba ɗan tsakiya irinsa a Ingila yanzu in ka cire Rodri da Rice, kuna da Palmer. Madueke kuma mu ma da yawanmu ba mu so ba, har takardar ƙorafi magoya baya suka yi a intanet, ni dai zan jira in gani.

Maman Sultan:
Wlh Gunner ka faɗi abin da ke raina. Ɗana ya matsa sai na sai masa riga, na farko Mount ya sa aka rubuta a baya, Mount ya tafi, ya koma Gallagher ya tafi, yanzu cewa na yi a bar bayan haka nan ba suna. Yaro ɗan firamare yana tambayata Mama Palmer ma zai tafi? Me zan ce masa

Abban Sadiq Kaduna:
Ni maganata Osimhen ce kuma har gobe ban huce ba. Mu da yawanmu Babayaro ɗan Kaduna ne ya fara ja mana hankali zuwa Chelsea, Mikel ya zo ya yi shekara goma da rabi, Moses ya ɗau Firimiya da Conte yana hawa da sauka a dama. A Agustan 2024 ga Osimhen yana so, Napoli tana son rabuwa da shi, Mikel da kansa ya shiga tsakani, aka kai daren rufe kasuwa aka tashi ba ciniki saboda albashi, ya tafi aro Galatasaray ya zuba 37 ya ɗau musu lig da kofi. Mu kuma muka zauna da Jackson, 10 ya ci a Firimiya, ga jan kati a Newcastle lokacin da muke neman Champions ido rufe, ga wani da Flamengo minti huɗu da shigowarsa. Kuɗin da aka zuba a Mudryk da Felix da Nkunku da Dewsbury-Hall da an haɗa ai an biya Osimhen har da canji. An kashe sama da fam biliyan ɗaya amma a ce sitiraika ɗaya gogagge ya gagara, haba.

Malam Akanta:
Abban Sadiq matsalar ba kuɗin saye ba ne, tsarin albashi ne. Abin da suke yi yanzu albashin tushe ƙasa, sauran sai ka taka rawa a ƙara maka, shi ya sa aka gyara wa Palmer nasa bayan ya ci 22 a kakarsa ta farko. In ka kawo Osimhen a kan abin da yake karɓa a Napoli washegari wakilin Palmer da na Caicedo da na Enzo suna ƙofar ofis. Kuma sun ƙone da Sterling, sama da fam dubu 300 a mako, an tura shi aro Arsenal muna biyan kaso mafi yawa, ya dawo a 2025 ba mai ɗauka. A nan ni ina bayansu. Inda ba na bayansu shi ne tarin yaran da ake saye ba a san inda za a sa su ba.

Abban Sadiq Kaduna:
To Malam in kowa za a biya daidai da yaro ai yara kawai za mu riƙa samu, kuma ranar da Madrid ta zo wa Caicedo da ninkin albashi fa?

Malam Akanta:
Yana da kwantiragi har bayan 2030, amfanin dogon wa'adi kenan, ba wanda zai yi mana irin ta Rudiger da Christensen da suka tafi kyauta a 2022. Sai dai illarsa ita ce wanda bai yi ba shi ma yana nan maƙale, ga Mudryk an dakatar da shi a Disambar 2024 kan gwajin ƙwaya kuma takardarsa tana nan har 2031.

Ɗan Zongo Kumasi:
Mu nan Essien ne ya sa muka zama Blues kuma muna nan daram. Amma akwai abin da ba ku taɓo ba, Strasbourg. Sun saye ta a 2023, can ake tura yara su goge, Andrey Santos da Petrovic sun yi kaka mai kyau a hannun Rosenior har suka ƙare na 7 a Faransa. Mu abin ya yi mana daɗi, amma magoya bayansu na can zanga-zanga suke yi, suna shiru na mintunan farko a fili don nuna ba su yarda a mayar da kulob ɗin garinsu wurin renon wani ba. Ni ina jin tausayinsu gaskiya. Kuma in ka lura ƙorafinsu da na Baban Ummi ɗaya ne, su ana kwashe musu zuwa Landan, mu ana kwashe mana zuwa duk inda kuɗi yake. Petrovic ɗin ma da muka ce zai dawo ya karɓi raga an sayar wa Bournemouth.

Shamaki Sabon Gari:
Ku kuna da masu kulob da za ku yi wa ƙorafi ma. Mu Pillars ta gwamnati ce, lig huɗu muka ɗauka 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a 2022 muka faɗi ƙasa, duk sauyin gwamnati sai an sauya shugabanni a sake sabon lale. A Yulin 2025 an ba Ahmed Musa janar manaja, Allah ya sa a bar shi ya yi aiki ya kuma daɗe

Admin:
Amin Shamaki, ka buɗe wa Pillars nata zauren daban za mu zo, maganar tana da yawa. A dawo kan Chelsea.

Sojan Mourinho:
Wani abin kuma su kansu masu kulob ɗin ba su jituwa, tun Satumbar 2024 ake ta rahoton Boehly da Eghbali na Clearlake kowa yana son ya sayi kason ɗan uwansa. Clearlake ce ke da sama da kashi 60, Boehly sunan shugaba kawai yake riƙe da shi, mu muna ta zagin Boehly alhali Eghbali ne yake shiga ɗakin sauya kaya. Lokacin saye sun yi alƙawarin zuba biliyan 1.75 ban da biliyan 2.5 na ciniki, har da gyaran fili a ciki, shekara uku kenan ko bulo ɗaya ba a aza ba, yau a ce Earl's Court gobe a ce za a rushe Bridge a sake gini. Allah ya so ƙasar filin tana hannun Chelsea Pitch Owners, magoya baya ne, ba mai matsar da kulob da sunansa sai da yardarsu. Kuma Clearlake kamfanin zuba jari ne, kuɗin mutane suke juyawa, wata rana dole su sayar su fitar da riba, ba zama suka zo yi ba.

Ɗan Blues na Fagge:
To ai in za su sayar da riba dole kulob ya yi daraja, kuma ba ya daraja sai yana cin kofi, kenan buƙatarmu da tasu ɗaya ce. Ku dubi United mana, Ratcliffe ya zo da kaso kaɗan ya kori ma'aikata ɗaruruwa, ya ƙara wa Ten Hag kwantiragi ya kore shi, Ashworth wata biyar, suka ƙare na 15. Liverpool ma FSG sun saya a 2010 sai 2020 suka ga Firimiya. Mu shekara uku kacal

Baban Ummi:
A nan ne muka rabu da kai ƙanena, buƙatar ba ɗaya ba ce. Su na 4 ya ishe su, a shiga Champions kowace shekara, a sayar da mutum huɗu biyar da riba, littafi ya yi kyau, darajar kulob ta hau. Ni kuma na 4 bai ishe ni ba, rabonmu da Firimiya tun 2017, kuma tun daga lokacin ba mu ma yi takara ta gaske ba. Liverpool da ka kawo misali, da suka ga sun kusa sai suka fasa asusu suka sayo Van Dijk da Alisson, mutum biyu manya a daidai inda ake ciwo, ba yara goma ba. Abin da nake jira in gani kenan. In suka riƙe Caicedo da Palmer da Enzo da Colwill da Cucurella shekara biyu masu zuwa ko nawa aka taya, suka bar Maresca ko da an yi wata biyu ana tangal-tangal, suka kawo gola da ɗan baya gogaggu, to zan ce gini ne. In kuwa na ji an fara cewa kowa yana da farashi, shikenan.

Yaya Babba Zinder:
Golan ma sun nemi Maignan a Yuni, Milan ta faɗi kuɗinta suka ce ya yi yawa ga mai saura shekara ɗaya suka janye. Wannan shi ne irin abin da Baba yake faɗa, mutum ɗan shekara 30 ba za a iya sake sayar da shi da riba ba don haka ba a matsa ba.

Ɗan Blues na Fagge:
Sanchez ɗin shi aka ba kyautar gola a Amurka fa Yaya

Yaya Babba Zinder:
An ba shi kuma ya cancanta, ya tare ta Dembele da ban san yadda ya yi ba. Amma shi ne dai wanda ya fito ya bar raga a gidan City a Janairu Haaland ya ɗaga masa, har Maresca ya ajiye shi a benci ya sa Jorgensen. Wata ɗaya mai kyau ba ya goge wannan. Sannan ku tuna yaran nan sun yi wasa har 13 ga Yuli, hutun mako uku kawai za su samu, 17 ga Agusta Palace tana zuwa Bridge, ga Champions a tsakiyar mako ba Conference ba da ake canja mutum sha ɗaya a ci. Fofana da Lavia da James kowa ya san tarihin rauninsu. In Colwill ko Caicedo ya kwanta wata biyu wa zai tsaya a wurin? Ni da za su ji tawa, kuɗin Madueke ɗan baya za a sayo da shi kafin a rufe kasuwa, ba wani ɗan gefe na shida ba.

Maman Sultan:
Kuma a bar mana Chalobah don Allah, na ji ana ta raɗe-raɗin shi ma in an samu tayi mai kyau za a saurara